Kwat ɗin Aro da Jarrabawar 'Yar Farina

A shekarun da Jalingo ta zama babban birnin jiha, ina ɗinki a wata rumfa a bakin kasuwa, da la'asar kuma in tafi ajin yaƙi da jahilci. Gemuna ya fara furfura, amma Turancina gaba ɗaya bai wuce tambayoyi huɗu ba: yaya sunanka, shekarunka nawa, ina kake zaune, mene ne aikin babanka.

'Yar farina tana aji uku na ƙaramar sakandare, kuma a rubutu ba a gabanta. Sai makarantarsu ta sa jarrabawar Turanci ta baki: wani malami zai zo daga wata makaranta, yara su shiga ɗaya bayan ɗaya su yi hira da shi. Aka ce duk wadda ba ta buɗe baki ba, za ta maimaita aji.

Ranar gwajin share fage yarinyar ta yi abin da muka koya mata a gida. Ta cire takalmi, ta durƙusa, ta kafe tabarmar ofis da ido, ta amsa can cikin maƙogwaro. Malamarsu ta ce ko kalma ɗaya ba ta ji ba. A jarrabawa sai an zauna a kujera, an dubi mutum ido cikin ido, an ɗaga murya.

Uwarta ce ta kawo mini labarin, don a gidanmu ba a hira da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanta ba. In na shigo tsakar gida, ita kuma ta shige madafa.

"Malam, kai ne ɗan boko yanzu," in ji uwar. "Sai ka zama mai jarrabawar."

"Ni? Ko ruwa nake so ta kawo mini sai na bi ta kanki."

"To ka zauna da kunyarka, ita kuma ta maimaita aji."

Washegari na ɗauko kwat ɗin da wani ma'aikacin sakatariya ya kawo a rage masa hannu, na ɗaura ƙyallen atamfa a wuya, na maƙala tabarau mai ido ɗaya. Bayan azahar na zauna kan turmi a gidanmu na Yelwa, ina ta gumi, na yi gyaran murya irin ta manyan ofis. Uwarta ta leƙo, ta saki ludayi, ta zube a bakin murhu tana dariya.

Yarinyar ta shigo, ta fara durƙusawa.

"Tashi! Babanki yana kasuwa. Ni baƙo ne daga Ikko."

Na jefa tambaya ta farko. Ta ɗago, ta ga tabarau, ta fashe. Ni ma na fashe har atamfar ta kunce. Kwana uku muna haka, ba mu wuce tambaya ta biyu ba. Ta iya amsa, amma da zarar idonmu ya haɗu sai ta sunkuya.

A rana ta huɗu na tuna yadda nake yi da manyan mutane a rumfa. Na ce, "Ke, in babban mutum ya tsaya a gabana, ba girmansa nake gani ba, awo nake yi. Ki dubi kafaɗa, ki dubi wuyan riga, ki hau zuwa hula. Shi zai ɗauka kallonsa kike yi."

Ta auna ni tsaf, ta ce da Turanci, da ƙarfi, kwat ɗin nan ba nawa ba ne. Uwarta ta rangaɗa guɗa, har maƙwabta suka aiko tambayar ko haihuwa aka yi.

Ranar jarrabawa na ɗinka aljihu a bayan riga, sai da na farke. Da la'asar ta dawo, ta wuce madafa, ta ba uwarta labari da muryar da ta san zan ji. Wai malamin ya tambaye ta aikin babanta, ta ce tela ne. Ya ce ta ƙara bayani. Ita kuwa dama awo take yi, sai ta gaya masa kafaɗar rigarsa ta zarce da yatsa biyu, maɓalli na uku kuma ba ɗan'uwan sauran ba ne. Ya yi dariya har ya ajiye biro, ya riƙe ta da hira fiye da kowa.

Ta haye zuwa aji huɗu.

Bayan mako guda wani dogon mutum ya tsaya a bakin rumfata da riga a leda, maɓallinta na uku ba ɗan'uwan sauran ba, ya gaishe ni da Turanci. Na miƙe, na dubi kafaɗarsa, na yi masa tambayoyina huɗu a jere. Ya amsa duka, har da aikin babansa.