Sunan da Mama Ta Ƙi Ji

Ƙanwata Stamatia, wadda duk unguwarmu a garin Volos ke kira Matula, ta daɗe tana gyaran gashi a wani ɗan shago kusa da tashar jiragen ruwa. Mace za ta zauna a rage mata gashi kawai, kafin ta tashi ta zazzage wa Matula cikinta kaf. Masu juna biyu suka fi manne mata, har wasu na roƙon ta raka su asibiti. Da ta doshi shekara hamsin sai ta rufe shagon, ta tafi birnin Athens ta koyo aikin rakiyar sosai. Ba ungozoma ta zama ba, ba ta karɓar haihuwa, ba ta ba da magani. Tsayawa take yi tare da mai naƙuda da mutanenta har a sauka lafiya.

Sunan aikin ne ya jawo rigima. Mutanen waje suka ari kalmarmu, dula, suka laƙaba wa masu wannan sana'a, su a dole sun burge. A bakinmu kuwa dula kuyanga ce. Mahaifiyarmu Evdokia tun tana 'yar mitsitsiya aka kai ta aikatau gidan wasu masu hali, kuma da wannan sunan matar gidan ke kiranta in ranta ya ɓaci.

"Da gwiwata na goge daɓen mutane don kada a kira 'yata haka," in ji Mama. "Ke kuma har makaranta kika je neman sa?"

"Mama, suna ne kawai."

"A bakinki."

Tun daga wannan rana, gaisuwa kaɗai ke haɗa su. In maƙwabta suka tambaya, Mama ta ce Matula na nan tana gyaran gashinta. Ƙanwata bakin tsiya gare ta, ba ta barin ta kwana, amma wannan abin ya ci ta sosai. Na sha ganin ta fito daga gidan Mama ido jajur, ta ce mini albasa ta yanka.

Ana haka 'yata Ismini ta samu cikin fari. Ranar da naƙuda ta taso mata da hantsi, gidan ya zama kasuwa. Ni ina kuka ina ba da shawarar da ba wanda ya nema. Mijinta Thanasis, ƙaton makanikin jirgin ruwa, ya ƙame a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Mama kuwa ta kunna fitilar mai a gaban hoton Budurwa Maryamu, ta shiga buɗe duk abin da ke rufe tana kwance duk abin da ke ɗaure, don hanya ta buɗe wa jariri. Ƙofofi, akwatuna, labule, har igiyar takalmin Thanasis ba ta tsira ba.

Matula ta shigo, ta durƙusa gaban Ismini ta saurari numfashinta, ta kira ungozoma a waya. Aka ce da saura, a ɗan jira a gida. Sai ta juyo kanmu.

"Thanasis, ajiye makullin nan, ba jirgi ne zai tashi ba. Wanke hannu ka zo." Ta ɗora tafukansa a ƙugun matarsa. "Danna nan. Danna sosai mana, ba ƙwai ba ne."

"Kai ka ja mini wannan!" Ismini ta daka masa tsawa.

"Ce mata e," in ji Matula, "amma kada ka ɗaga hannu."

Ni kuma ta dube ni. "Argiro, kukanki na tsorata ta. Je ki ɗora miyar kaza da lemon tsami. In hawayen sun ƙare ki dawo." Na ji haushi, amma na tafi, don gaskiya ta faɗa.

Daga ƙofar kicin nake leƙe, don saura Mama. Na ɗauka za ta ce mata a daina camfi, a rufe akwatunan. Sai na ji ta ce, "Mama, kin manta ɗauri ɗaya. Dubi gashinta."

Mama ta duba. Ismini ta tufke gashinta tam a ƙeya. Tsohuwa ta ja kujera ta zauna, ta warware shi a hankali, ta shiga taje shi tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Ina gani kafaɗun yarinyar suka sauka. Can Mama ta yi gunaguni, yadda kowa zai ji, "Wace irin kuyanga ce wannan, kowa sai ta aike shi?"

A asibiti aka ce mutum ɗaya ne zai shiga ɗakin haihuwa. Ismini ta cafke hannun Matula. "Inna, ke nake so." Matula ta zare hannunta, ta sa na Thanasis a wurin. "Ya iya yanzu, ni na koya masa. Ina nan bakin ƙofa, ba inda za ni."

Da la'asar Thanasis ya fito yana sharɓar kuka kamar an ƙwace masa alewa. Mace aka haifa, uwa da 'ya lafiya lau, kuma bai sume ba. Na rungume shi, na yi guɗa har wata ma'aikaciya ta harare ni.

Mama ba ta tashi daga bencin da muke jira a kai ba. Ta jawo hannun rigar Matula ta zaunar da ita kusa da ita.

"Ranar da na haife ki ubanku na teku," in ji ta. "Aka ajiye ni a gado, kowa ya kama gabansa. Ƙarfen gadon na riƙe har kika fito."

Hawaye suka zubo wa Matula.

"Share fuskarki," in ji Mama. "Jikar maƙwabciyata Marigo ta kusa haihuwa, kuma tsoro ya hana ta cin abinci. Gobe za ki je ki gan ta. Ni zan kai ki da ƙafata."