Ranar Da Na Amsa Gaisuwa Da Gaskiya

Ni direban babbar mota ne a da. Ƙuruciyata da ƙarfina a kan hanya suka ƙare, daga Maraɗi zuwa Kwatano, zuwa Lome, zuwa Abijan, wani lokaci arewa har bayan Agadas. A bakin hanya na koyi Zabarmanci da Fulatanci, da Faransancin da ake roƙon jandarma da shi, da ɗan Yarabancin ciniki, da Larabcin masu dabino. Da idanuna suka fara kasa rarrabe jaki da inuwar itace bayan magariba, sai na ajiye makulli na dawo ƙauyenmu da ke yankin Gazawa. A lokacin ni mutum ne mai baki. In na zauna gindin bedi, itacen da wasu ke kira darbejiya, a ƙofar masallaci, tabarma cika take yi, kowa na son ya ji yadda teku take, da yadda ake cin rogo a ƙasashen da ba su san fura ba. Rumbuna cike yake da hatsi, gonar ayata tana ba da abin da take bayarwa, ’ya’yana sun girma. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san babu abin da na rasa.

Bayan kaka ta biyu da dawowata abin ya sauko mini, kuma ban san ta ƙofar da ya shigo ba. Barci ya fara yi mini rowa. Tuwo ya koma kamar ƙasa a bakina. Wani nauyi ya zauna mini a ƙirji, irin na mota da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinta, tana ƙugi ba ta gaba. Ina alwala sai in ga hawaye na haɗuwa da ruwan, ba tare da na tuna wani mamaci ba. Labaran da nake bayarwa suka gundure ni. Na sha jiƙo, na sha rubutu, na yi hayaƙi, ban ga canji ba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne wata murya a cikin kaina, ba ta aljani ba, tawa ce, tana ce mini amfanina ya ƙare, gidan zai fi sauƙi in ba ni.

Na zaga ƙasashe, na ga yadda mutane ke gaisawa. A Abijan in ka tambayi mutum lafiya, yana iya ce maka tana tafiya kaɗan-kaɗan, kai kuma ka gane ka ja kujera. Balarabe yakan gode wa Allah a kan kowane hali, ya ja numfashi, wannan jan numfashin ƙofa ce ya buɗe maka. Mu kuwa ƙofarmu a rufe take da kwaɗo. In an ce ina gajiya, amsa ɗaya ce, ba gajiya. In an ce ya jiki, da sauƙi, ko da ana jiƙa maka leɓe da auduga. Ban taɓa ganin laifin wannan ba, har na sha yabonta a gaban baƙi, ina cewa mu mutane ne masu haƙuri. Sai ranar da na buƙaci wata amsa ta biyu na tarar ba mu tanade ta ba.

Wata safiya ce bayan an kai gawa an dawo, mutane sun cika gindin bedi. Taubashina, ɗan ƙanen mahaifiyata, wanda muka tashi tare muna zagin juna tun muna tsirara, ya miƙo mini hannu. Ya kira ni bawansa kamar yadda ya saba, ya ce ina gajiya. Ban shirya ba, bakina ne ya riga ni. Na ce masa akwai ta, ta kai har na gaji da kaina. Wurin ya yi tsit. Na ga wani dattijo ya ɗago kai yana dubana, kuma har yau ina jin da an ƙara ɗan jim a cikin shirun nan, da wani ya tambaye ni. Amma taubashina ya tuntsire da dariya, ya tafa hannu, ya ce jama’a ku zo ku ga mutumin da mota ba ta gajiyar ba, tabarma ta gajiyar. Ya ce tun da aka halicci gaisuwa ba a taɓa jin wanda ya amsa ta da ƙorafi ba sai bawansa, mai harshe biyar da ya manta na uwarsa. Kowa ya yi dariya, har da masu makoki. Nan take ya raɗa mini suna: Akwai Gajiya.

Wanda bai san al’adarmu ba zai ce me ya hana ni tsawata masa. Ba a fushi da taubashi. Duk abin da ya faɗa wasa ne, wanda ya ji haushi shi ne mai laifi. Da wani ne ya yi mini haka, da dattawa sun kira shi sun ja masa kunne. Amma da yake daga bakinsa ta fito, sai ta zama halal ga kowa. Kafin kasuwa ta zagayo sunan ya riga ni zuwa ko’ina. Mata a bakin rijiya suna gaisa juna da shi suna ƙyaƙyatawa. Na je Cadawa sayar da aya, wani dillali da ban taɓa gani ba ya tambaye ni ko ni ne Akwai Gajiya na wajen Gazawa, ya ce a sauke mini buhu a hankali kada ta ƙaru. ’Yan kabu-kabu in sun wuce ni sai su rage gudu su yi mini sannu da hutawa. Kowace safiya taubashina sai ya tsaya a gabana ya maimaita gaisuwar da ƙarfi, ya kafa hannu a kunne yana jira. Ni kuma in ce ba gajiya. Sai ya ce alhamdu lillahi, maganinsa ya yi aiki.

A gida ma ban sami inuwa ba. Babban ɗana ya same ni a zaure, ya durƙusa da ladabi, ya ce Baba don Allah a rufa musu asiri, ana nuna su da baki a gari. Wata Juma’a liman ya yi huɗuba a kan masu butulce wa ni’imar Allah, waɗanda rumbunsu ke cike amma bakinsu bai iya godiya ba. Bai kama suna ba, bai kuma buƙaci kamawa ba, don sahun gaba kaf sai da suka waiwayo. Daga nan na daina zama gindin bedi. Na gwada sau ɗaya na gaya wa matata, uwar ’ya’yana, cewa ina fatan in kwanta kada in farka. Ta toshe bakinta da gefen mayafi, ta yi ta neman tsari, ta ce kada in kuskura in sake furta wannan a gidanta, mai irin wannan tunani ko sallar gawa ba ya samu. Ba mugunta ce ta sa ta ba, tsoro ne. Amma abin da na ɗauka daga maganarta shi ne ko a ɗakina babu wurin faɗa.

Ina da wata rediyo da na saya a Lome, wadda ta raka ni duk tafiye-tafiyena. Taubashina ya daɗe yana kwaɗayinta. Wata rana a gaban mutane ya ce tun da na gaji da duniya, in na tashi tafiya kada in manta in bar masa rediyon, don bawa da kayansa duk na ubangijinsa ne. Washegari na ɗauke ta na kai masa har gida. Ya karɓa yana dariya, ya murɗa ta, ya kira matansa su zo su ga gadon da ya ci tun mai shi na da rai. Bai tambaye ni dalili ba. Na ba wani maƙwabci bargona na sanyin arewa, na ba ɗana makullin rumbu. Sannan na bi gida-gida ina neman gafara, kamar yadda mai niyyar tafiya ke yi. Kowa ya ce ya yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Wasu suka ɗauka Makka za ni, har wata tsohuwa ta ce in tuna da ita da ruwan zamzam. Na riga na yanke shawarar raba kaina da duniya, kuma gari guda ya taya ni sallama ba wanda ya gane.

Mutum ɗaya ta rage, yayata da ke aure a wani ƙauye kusa da Cadakori, wadda ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Na shiga mota daga Agiye, na isa da hantsi, na same ta a tsakar gida tana ɓarar gujiya. Na zauna, muka gaisa, na ce na zo ne ta yafe mini duk abin da na taɓa yi mata. Ba ta ce ta yafe ba. Ta ci gaba da ɓara, ta tambaye ni cikin Gobirancin da ya kama bakinta wai tafiyar mi ce wagga. Na ce tafiya dai. Ta ce ta ga masu zuwa Makka, da rakiya suke zuwa da fara’a, ta ga masu zuwa ci-rani, da jaka suke zuwa, ni kuwa na zo ba jaka ba fara’a, wuyana kamar na kazar da ta sha ruwan sama. Sai ta ture ƙwaryar gefe, ta kira ni da sunan da take kirana ina yaro, ta dube ni cikin ido, ta tambaye ni ko kashe kaina nake shirin yi. Haka ta faɗe shi, ba kwana ba lulluɓi.

Na yi zaton in aka furta kalmar nan ƙasa za ta tsage. Ba ta tsage ba. Na ce mata e, sai kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba tun ina goye a bayanta. Ba ta yi mini wa’azi ba, ba ta ce in ji tsoron Allah ba, don ta san ina jinsa. Ta miƙa hannu ta jawo takalmana ta zauna a kansu, ta ce ta ga ta inda zan bi. Ta ce ba za ta yafe mini komai ba, in ina son yafiyarta sai in zauna in neme ta shekara da shekaru. Daga nan ba ta bar ni ni kaɗai ba, ko bayan gida zan zaga sai ta sa ɗanta, magidanci da shi, ya tsaya daga waje yana yi mini hira. Da gari ya waye ta ɗaura zanenta na unguwa, tsohuwar da gwiwa ke damu, ta sa ni gaba har asibiti a Maraɗi.

Likitan ya saurare ni har na gama, bai yi dariya ba, bai yi mamaki ba. Ya ce ciwon damuwa ne, ciwo kamar hawan jini, yana kama mai rumbu da marar rumbu, mai sallah da marar sallah, kuma yana da magani. Ya rubuta mini ƙwayoyi, ya ce ba zan ji sauƙi nan da nan ba, kada in yanke ƙauna in daina sha. Na zauna wurin yayata har damina ta faɗi, ina komawa ganinsa. A hankali abinci ya dawo da ɗanɗanonsa. Wata rana na ji kaina ina ba jikokinta labarin wata gada a hanyar Kwatano, sai na lura muryar nan ta cikin kaina ta yi shiru.

Kada mai karatu ya ɗauka na koma gida aka tarbe ni da kunya da ban haƙuri. Labari ya riga ni isa cewa an kai ni wurin likitan mahaukata. Taubashina ya ce ashe bawansa har takardar shaida ya samo, yanzu hauka tasa ta gwamnati ce. Ɗana ya roƙe ni in riƙa ɓoye ƙwayoyin in baƙi sun zo. Da aka tashi ɗaura auren ’yar ƙanena, wadda ni ne babba a kan al’amarinta, sai aka tsallake ni aka ba wani waliccin, aka ce don kada a wahalar da ni. In ana shawarar gari ana bari in yi magana, a gyaɗa kai, a ci gaba kamar iska ce ta wuce. Wannan shi ne abin da na biya, kuma har yau ina biya.

Nadamata ita ce watannin da na ɓata ina neman wanda zai gane ba tare da na faɗa ba, da kuma yadda na bar dariyar mutane ta rufe mini baki bayan na buɗe shi sau ɗaya. Ga wanda ke cikin halin da na shiga, ina cewa in na farko ya yi maka dariya, ka gaya wa na biyu, in na biyu ya toshe kunne ka nemi na uku, ka je asibiti ko da rarrafe ne. Ciwon ne ke ce maka ba ka da amfani, kuma ƙarya yake yi. Ga sauran jama’a kuma, in kun ga mai surutu ya yi shiru, ya fara rabar da abin da yake ƙauna, yana neman gafara ba jaka a hannunsa, kada ku yi gaggawar cewa kun yafe. Ku zaunar da shi ku tambaye shi kai tsaye. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sauke masa kaya take yi. Kada ku bar shi shi kaɗai, ku raka shi wurin likita da ƙafarku. Masu wasa kuma su sani al’ada ta ba su izinin zagi, ba ta ba su izinin tura wanda ke bakin rami ba.

Na san yadda garinmu yake. Da na aikata abin da na yi niyya, da waɗannan mutanen ne za su taru a ƙofar gidana, su ce zazzaɓi ne ya ɗauke ni, su ce Allah ya jiƙan mutumin kirki, mai haƙuri, wanda ba a taɓa jin kukansa ba. Na gwammace su kira ni mahaukaci ina jin su.