Faifan da Ya Tafi Korar Tsuntsaye

Shagon da ke jikin zauren gidanmu a Dangora na Yaya ne. Tun rasuwar mahaifinmu a nan yake jibge shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, duk shekara bayan girbi, ya kulle, sai bazara ya buɗe. Ni na roƙe shi ya bar mini ɗakin in buɗe wurin buga takardu da shiga intanet, don mutanen garinmu su huta da zuwa Kiru ko Tudun Wada a kan takarda ɗaya. Bai hana ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Shinkafa na gona, ta fara sunkuyar da kai. In aka yanke ta injin naka bai fara aiki ba, buhuna za su koma ɗakinsu, kai kuma ka nemi wata sana'ar." Yaya ba ya maimaita magana.

Karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar. Ɗan abin da na sani na kwamfuta a wani shago na tsince shi a Tudun Wada, inda na yi 'yan shekaru ina buga wa mutane takardu. A can na ga ana kwance kwamfuta ana ɗaurewa, sai na sa a raina babu sauran abin da ban sani ba. Wannan hali ya daɗe yana ja mini wahala, kuma har yau ban gama rabuwa da shi ba.

A Kano na sayi kayan kwamfutar ɗai-ɗai, wurin wani dattijo mai tabarau da kowa ke kira Alhaji. Da ya gama ɗaure mini su, sai ya zaro wani faifan sidi daga kwalin madabod, wato babban allon da ake dasa sauran kayan a jikinsa, ya miƙo mini shi daban.

"Wannan ka adana shi, direbobin allon ne a ciki."

Na ce, "Alhaji, wa yake amfani da faifai yanzu? Ai komai yana intanet."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Haɗa ta bai ba ni wuya ba, gaskiya. Na dasa komai a gurbinsa, na ɗaure da sukurori, har da wani tsohon abin karanta faifai da na ciro daga matacciyar kwamfuta na cusa mata. Ina cikin tattara ledoji da kwalaye Yaya ya leƙo, idonsa ya sauka kan faifan yana ƙyalli a ƙasa. A wannan lokaci na shekara, duk manomin shinkafa a wajenmu neman abu mai ƙyalli yake yi. Tsuntsayen jan-baki kan sauko gona kamar hadari, don haka ake ja igiyoyi a kan shinkafa, a rataya gwangwanaye masu tsakuwa, da zaren tsohon kaset, da faya-fayan sidi. In rana ta bugi faifai yana juyawa, tsuntsu ba ya son sauka kusa.

"Wannan yana da amfani?" in ji Yaya.

"Ɗauka, Yaya. Shara ce."

Washegari na ɗora mata babbar manhajar daga filash, ta tashi lafiya. Sai dai rubutun allo ya fito manya-manya kamar na littafin 'yan aji ɗaya, sauti babu, firinta kuma ba ta san da ita ba. Duk wannan bai dame ni ba, na ce da na shiga intanet za su gyaru. Na riga na ɗaure modem a kan dogon gora a saman rufi, wayata tana kama waifai ɗinsa sarai. Na duba ƙasan allon kwamfuta inda alamar waifai ke zama, babu komai.

Direba 'yar manhaja ce da ke sa kwamfuta ta gane kowane ƙarfe da ke cikinta. Abin kama waifai yana nan a jikin madabod ɗin, amma tunda ba direbansa, kwamfutar ba ta san tana da shi ba. Ga inda na tsaya: sai da intanet zan sauke direba, sai da direba zan shiga intanet.

Na gane haka tun ranar. Abin da na yi daga baya shi ne abin kunyar. Maimakon in faɗa, sai na riƙa kulle kaina a shago, duk wanda ya tambaya in ce ana saiti. Na ƙara wa goran tsawo, alhali na san ba laifinsa. Na sake ɗora manhajar daga farko. A zuciyata har na zargi Alhaji da sayar mini da lalataccen madabod, Allah ya yafe mini. Shinkafa kuwa tana ta yin ja.

Matar Yaya ce ta fasa ƙwan. Tsakaninmu akwai wasa irin na matar wa da ƙanin miji, ba ta raga mini. Ta kawo mini koko da safe, ta tsaya bakin ƙofa tana kallon allon.

"Injiniya, har yanzu amaryar ba ta yi magana ba? Ko sai an sayi baki?"

"Ana saiti."

"Tun ran nan ake saiti. Ni dai na ji yayanka yana cewa yau zai je kasuwa sayen buhu. In kana da abin nema, ka nema."

Ban shanye kokon ba na kama hanyar gona. Na tarar da Yaya a kan 'yar rumfar nan mai tsayi da ake hawa don a hango ko'ina, igiya a hannunsa. Na gaishe shi, na tambayi gajiya, na tambayi tsuntsu, na yi ta kewaye-kewaye kafin in ce, "Yaya, faifan nan da na ba ka."

"Sharar?"

"Ita."

Ya nuna da haɓa. "Tana layin gabas. Je ka nema. In ka gwada ka dawo ka karɓe ni tsaro, zan shiga kasuwa."

Faya-fayai sun fi a ƙirga a layin, na wa'azi, na bikin wani, na karatun Alƙur'ani da suka daina yi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya cikin taɓo har na kai ga nawa. Yaya ba ya rataya faifai ta ramin tsakiya, ya ce ba ya juyawa da kyau. Ƙusa yake gasawa a wuta ya huda kusa da baki. Haka ya yi wa wannan, rana kuma ta fara ɗaye azurfar bayansa daga wajen hujin. Duk da haka na kai shi shago na goge da gefen riga na saka. Ya yi ta gurnani yana juyawa, can ya yi shiru. Kwamfuta ta ce babu komai a ciki.

Na koma gona da faifan a aljihu, Yaya ya miƙa mini igiya ya hau babur. A kan rumfar nan, ni kaɗai da tsuntsaye, na ciro waya na kira Alhaji. Na faɗa masa komai, har da ƙusar. Ya yi dariya har da tari.

"Ka ce faifan nawa ya samu aikin gona. To saurara, yaro. Wayarka tana shiga intanet?"

"Tana shiga."

"Ai ka gama. Duba fuskar faifan, sunan madabod ɗin yana nan in rana ba ta cinye ba. Ka shiga shafin masu ƙera shi, ka nemi sunan, ka sauke direban waifai kaɗai a wayarka. Kada ka yi haɗama ka ce duka za ka kwaso. Ka kai shi ta kebul. In kwamfutar ta ga hanya, sauran da kanta za ta ɗebo."

Sunan yana nan, ya koɗe amma yana karantuwa. Sabis a gonar sai a saman rumfa, don haka na tsaya a tsaye, hannu ɗaya riƙe da waya sama, ɗaya yana jan igiya, gwangwanaye suna ta kwaramniya. Saukewar ta katse, na sake farawa. A karo na biyu na kafa wa layin da ke cikowa ido, na manta da igiya gaba ɗaya. Kafin in ɗago, jan-baki sun baje a kusurwar yamma. Na yi ihu na ja, suka tashi, amma sun riga sun yi ta'adi, zangarniyoyin wurin sun koma fari fat.

Bayan la'asar Yaya ya dawo da damin buhuna a bayan babur. Ya zaga gonar, ya tsaya a kusurwar yamma ya daɗe. Na sauko na ce masa ni ne, waya nake kallo. Ya murza wata zangarniya a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin.

"Abin da ka tsaya kallon, ya samu?"

"Ya samu, Yaya."

"To je ka."

A shago na jona wayar da kebul, na kwafe fayil ɗin, na buɗe, na bi abin da ya ce, na kashe kwamfutar na kunna. Alamar waifai ta fito a ƙasan allo, 'yar ƙarama. Na sa kalmar sirrin modem, ta shiga. Daga nan zama kawai na yi ina kallo tana ɗebo sauran. Allo ya ɗauke ya dawo, rubutu ya koma daidai. Lasifika ta yi ƙara. Firinta sai da na nemo mata nata direban da hannu, amma yanzu da hanya, ba wuya.

Yaya ya shigo gab da magariba, ƙafarsa duk taɓo. Bai san me zai tambaya ba, ni ma ban san me zan nuna masa ba. Can ya ce, "An ce ana ganin gonaki daga sama a cikin abin nan." Na buɗe taswira, na bi titi daga gari, na gangara fadama. Shi ya riga ni ganewa, ya ɗora yatsa a kan allo inda tsamiyar kan iyaka take.

"Ga ta nan. Amma wannan hoton rani ne, ba shuka." Ya ƙara matsowa. "Kuma ka ga maƙwabcin nan ya ci mini kunya guda, na daɗe ina faɗa."

Bai ce ya bar mini shago ba, kuma bai ce in fita ba. Da aka yi girbi aka sussuke, yawancin buhunan zaure aka kai su. Waɗanda zaure bai ɗauka ba ya sa aka jera mini su a jikin bangon shago, ya ce ai na ci kusurwar yamma, sai in yi gadin sauran. Haka ake yi duk shekara tun daga lokacin. Masu jiran a buga musu takarda a kan buhun shanshera suke zama, ni kuma kullum ina fama da ɓera kada ya ci mini wayoyin kwamfuta.

Direban waifai ɗin yanzu yana cikin filash, yana cikin wayata, akwai kuma wani a wayar matar Yaya, wadda ta ce ita ce ma'ajiyar da ba ta kyauta da kayan mutane. Faifan kuwa na mayar wa Yaya washegarin ranar da waifai ɗin ya samu, ya sake ɗaure shi a layin gabas.