Jarkokin Mama Lorna

Shekara goma sha tara Lorna Tibbs ta yi tana kai wa matafiya ruwa a hanyar ƙafar da ta ratsa hamadar Kalifoniya ta bayan garinmu. Da can direbar motar 'yan makaranta ce. Da ta yi ritaya sai ta koma jigilar jarkoki a tsohuwar a-kori-kurarta, duk Litinin da Alhamis ta jera talatin ƙarƙashin wata gada. Mu da muka taka hanyar daga iyakar Meziko zuwa ta Kanada, wata biyar a ƙafa, babu wanda bai sha ruwanta ba. Mama Lorna muke ce mata.

Wata shekara wani marubuci ya kwana biyu a gidanta, ya koma birni ya fitar da littafi. Ya ce shi ba shiri ya fito, ba taswira, kuma hanyar ce ta warkar masa da baƙin ciki. A wani shafi ya ce kada kowa ya damu da ruwa, akwai wata tsohuwa da jarkokinta ba sa ƙafewa. Littafin ya yi kasuwa. Cikin shekara biyu matafiya suka ninka sau goma.

Kanmu ya rabu. Gil Navarro, wanda ya taka hanyar sau huɗu, ko sunan littafin ba ya son ji. Wata rana muna karin kumallo a teburinta ya ce, "Mama, wannan maƙaryacin ko rabin hanyar bai taka ba, mota ya riƙa shiga. Ga shi ya turo mana mutanen da ba su san gabas ba."

Ta ce, "Kai da ka fara zuwa da gwangwanin wake goma a baya kana kuka, wa ya kore ka?"

Muka kwashe da dariya, ban da shi.

Ya ce, "Ki daina kai ruwan. In sun san babu, za su ɗauko nasu."

"Wanda bai ji na daina ba fa?"

A watan Yuni zafi ya yi tsanani. Wata Talata mutum sittin suka wuce kafin azahar, suka shanye ruwan tas. Bayansu Curtis Weaver ya iso, wani mai shagon magani ɗan shekara hamsin da takwas da matarsa ta rasu shekara guda kafin nan. Ya tarar da jarkoki wayam, ya ci gaba da tafiya. Ranar Alhamis da safe Lorna ta gan shi kwance gefen hanya ba rai, mil uku daga gadar. Littafin na cikin jakarsa.

Daga nan rigimar ta munana. Wasu suka ɗora wa marubucin laifi, wasu suka ce ai Curtis babba ne, shi ya zaɓa. Gil ya rubuta a zauren matafiya na intanet cewa jarkokin ne suka kashe mutumin. Tun ranar ban sake yi masa magana ba. Marubucin ya aiko wa Lorna da wasiƙa, ba ta buɗe ba. Ta koma kai ruwa kullum har zafi ya wuce, sannan ta sayar da motar, ta tare gidan 'yarta a jihar Nebada.

Bara na je duba ta. Ɓarin jikinta ya shanye, da ƙyar magana ke fita. Ta tambaye ni mutum nawa suka wuce bana. Na rage mata adadin sosai. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in tura keken guragun da take kai cikin inuwa.