Maganin da Mahaifina Ya Sha Mini

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu wannan kusan laifi ne. Mu Fulanin gida ne a Kahu, mun daɗe da zama har noma ya fi kiwo ƙarfi, Fulatancin ma ya gudu ya bar mu sai ɗan na kiran shanu da na zagi. Amma kunya kam tana nan daram. Mahaifina ba ya kiran sunana. In dole ta sa ya yi maganata, sai ya ce "waccan," yana kallon katanga. In na shigo zaure yana zaune, nan take zai tuna akwai abin da ya manta a gona. Mahaifiyata ta ma fi shi. Tun ranar da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, uwar mahaifina, wadda duk gidan muke kira Inna. Gari kuwa sai yabonsu ake yi, wai mutanen kirki masu kunyar ɗan fari. Ni haushi abin yake ba ni, kuma ga ni yau da furfura ban gama hucewa ba.

Wata damina, ina da shekara tara ko goma, lokacin da ake ta raɗe-raɗin Turawa za su tafi, zazzaɓi ya kayar da ni. Inna ta yi duk nata. Ta yi jiƙo, ta yi mini sirace har na kusa dahuwa, ta karɓo rubutu wurin liman. Kwana huɗu ba abin da ya ragu sai ni. Baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya saba tsaya mini a komai, ya tafi da shanu nesa da gonaki, ba zai dawo ba sai an yi girbi. Namiji ɗaya ya rage a gidan, mahaifina.

"Kai," in ji Inna, "gobe ka ɗaura wa jaki akumari ka tafi Rano, ka karɓo wa yarinyar nan maganin asibiti."

Ya ce to, yana kallon katanga. Ta wanke kwalba ta ba shi.

Asibitin nan na En'e ne, wato hukumar Sarki, ɗaki biyu da rufin kwano da dogon benci a baranda. Ba a karɓar ko anini, kuma mai babbar riga da mai warki layi ɗaya suke bi. Mai kula da shi wani saurayi ne ɗan birnin Kano, mai farin gajeren wando da dogayen safa. Ba likita ba ne, malamin asibiti ne, amma mu likita muke ce masa. Yana da doka guda wadda ba ya sassautawa: mai ciwo ya zo da kansa, ya faɗi ciwonsa, ya sha magani a gabansa, ya tafi. Shi ya sa ake ce wa wurin sha-ka-tafi. Ba a banza ya kafa dokar ba. Da yana ba da magani a kwalba, sai ya gano in an kai gida kowa kurɓa yake yi don neman albarka, ragowar a ɗura wa ɗan maraƙi.

Abin da ya faru a can na ji shi daga bakin mutanen garinmu da ke kan bencin, don sun shekara suna ba da labarin. Layi ya zo kan mahaifina, likita ya ɗauki kati da alƙalami.

"Malam, me ke tafe da kai?"

"Zazzaɓi."

"Tun yaushe?"

"Kwana huɗu. Da amai. Da rawar ɗari."

"Kai ne ba lafiya?"

To, a nan fa ake yin ta. Benci cike da mutanen da suka san shi, kowa ya baza kunne. Ya buɗe baki ya ce 'yata? Gara ƙasa ta tsage. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Akwai dai ciwon." Likita ya dubi ƙaton mutum, gumi na tsattsafo masa, idonsa a ƙasa, muryarsa ba ta fita, ya ce lallai jiki ya yi tsanani. Ya tsiyayo ruwan kwinin a kofi ya miƙa masa. Mahaifina ya ɗan zaro kwalba daga aljihu.

"Mai da ita! A nan ake sha."

Ya shanye tas. Wanda bai taɓa shan kwinin ba bai san ɗaci ba, maɗaci ma wasa ne. Aka ce sai da gemunsa ya yi rawa, amma ya ce madalla, ya hau jakinsa.

Ya iso gida bayan azahar, kunnuwansa na ƙara. Inna ta karɓi kwalba, ta ɗaga ta a rana, ta girgiza.

"Ina maganin?"

"An sha."

"Wa ya sha?"

Ya juya yana kallon katanga. Ina kwance a kan tabarma ina jin su. Inna ta tafa hannu ta yi salati. "Yau na ga abin da ya ishe ni! Na aike ka karɓo magani, ka je ka yi kalaci da shi? To yaya ka ji jikin nata, da sauƙi?"

Ta zaunar da shi kamar ɗan makarantar allo ta biya masa. Ba sai ya ce 'yarsa ba. Ya ce wata yarinya ce a gidansu, jikar tsohuwa. Ya kuma ƙara da cewa cikin ya ɗaure, kwana uku ba a zaga ba. Ya maimaita sau biyu, ta ce ya sake.

Washegari ya tafi da karatunsa a baki. Wallahi na yarda da niyyar faɗa ya tafi. Sai dai yana hawa barandar, wa zai gani a kan benci in ba surukinsa ba, kakana na wajen uwa, ya zo daga Nariya a wanke masa gyambo. Mahaifina ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe shi yana kallon gefe. Mutumin da ko ruwa ba ya iya sha a gaban surukinsa, shi ne zai yi zancen 'yar fari? Karatun Inna ya bi iska.

"A'a, Malam na jiya," in ji likita. "Yaya jikin?"

"Yana nan. Ciki kuma ya ɗaure. Kwana uku."

"Ash, ai da ka faɗa tun jiya."

Aka ba shi kwinin, aka bi shi da kofi guda na maganin wankin ciki, wani farin ruwa mai gishiri-gishiri. A nan mahaifina ya yi wata dabara tasa, ya guntse kurɓin ƙarshe a kumatu, wai in ya fita ya juye mini a kwalba. Allah ya tsare ni da wannan! Likita ya ga irinsu da yawa. Ya ce, "Malam, ba a godiya ne? Ce alhamdu lillahi." Musulmi kuma ba ya ƙin faɗa. Ya haɗiye ya faɗa. Kakana na gefe yana ta tausayi, yana cewa ashe yaron nan jinya yake yi bai gaya wa kowa ba, kai, akwai haƙuri.

Maganin bai jira an iso gida ba. Tun bai bar ganuwar Rano da nisa ba cikinsa ya fara kiran sunansa. Allah ya taimake shi dawa ta yi tsawo. Gona ɗaya, ya sauka. Gona ta gaba, ya sauka. Kafin su kai rabin hanya jakin ya gane tsarin, da ya ga dawa mai duhu sai ya tsaya da kansa ya jira. Wannan jaki har aka sayar da shi bai bar halin ba, duk wanda ya ara sai ya dawo yana tambayar abin da ke damunsa. Sai la'asar sakaliya mahaifina ya shigo, ya faɗa, idanu sun zurma, yana dafa bango.

Inna ba ta ma karɓi kwalbar ba. Ba ta kuma yi faɗa ba, wannan ya fi tsorata kowa. A lokacin ni ko ruwa ba ya zama a cikina, ina ganin rufin ɗaki yana juyawa. Ta jikin zana nake jin shessheƙar mahaifiyata. Ba ta shigo ba, kunya ta hana, sai kunu take miƙowa ta hannun maƙwabciya. Na ji tsoro ranar. Na ɗauka mutuwa zan yi a gidan da iyayena biyu suke raye suna jin kunyata.

Da gari ya waye Inna ta ɗaure zani tamau, ta ce a ɗora mata ni a baya. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ni kuwa doguwa, ƙafafuna har suna jan ƙasa. Ta kai tsakar gida, ta kai bakin zaure, a nan gwiwoyin suka ƙi. Ta durƙushe da ni a gaban mahaifina.

"Matsa mini," ta ce tana haki. "Ko da rarrafe zan kai ta. Kai zauna ka yi ta kunyarka, in an dawo da gawa ka ga ko mutanen gari za su haƙa maka kabari da yabo."

Ya matso. Ya sunkuya ya kwance goyon, ya ɗauke ni. Tun da nake ban taɓa jin hannunsa a jikina ba sai ranar. Kaushi gare shi. Ya ɗora ni a jaki, ya hau bayana, ya lulluɓe ni ruf da mayafinsa har kai. A hanya duk wanda ya ce, "Malam, me aka ɗauko haka?" sai ya ce, "Saƙon Inna ne." Jaki kuma na ta tsayawa a bakin gonaki yana shan duka.

Da muka isa ya shimfiɗe ni a ƙarshen benci, ya koma can gindin bishiya ya tsaya kamar mai jiran wani. Likita ya fito ya hango shi.

"Malam, ciki ya saki?"

"Ya saki."

Sai ya ga ƙunshin mayafi. Ya yaye, ya taɓa goshina, ya danna cikina, ya buɗe idona. Ya shiga ɗaki ya ɗauko katin mahaifina ya karanta a fili: zazzaɓi, amai, rawar ɗari, ɗaurewar ciki. Ya dube ni, ya dubi na gindin bishiya.

"La ilaha illallahu! Kwana biyu ina ɗura wa ƙato maganin yarinya! Malam, zo nan. 'Yar wa ce?"

Kakana na Nariya yana nan, an fara naɗe masa ƙafa. Ya leƙo, ya gane ni, fuskarsa ta canza, amma ya daure ya yi irin wasan kakanni. "Kai, likita, ai matata ce wannan, ni ne mai ita."

"Baba, ba da kai nake ba. Wannan ta wuce kofi, allura zan yi mata. Ba na soka wa yaro allura sai wanda ya kawo shi ya gaya mini shi wane ne a wurinsa, ya ba ni suna in rubuta, ya riƙe mini shi. An yi mini wasa sau biyu, ba za a yi na uku ba."

Mahaifina ya tako har bakin benci ya tsaya, leɓensa na motsi, ba abin da ke fita. Na tsane shi a wannan lokacin, ba zan ɓoye ba. Sai kakana ya yunƙura ya miƙe, bandeji na jan ƙasa, ya ce bari ya je ya duba jakinsa kada ya ci gonar mutane. A ƙafa ya zo, kowa ya sani. Ya ɗingisa ya zaga bayan asibiti. Mutanen benci su ma kowa ya sami abin kallo, wani ƙafarsa, wani rufin kwano, wata mata ta hau faɗa da goyonta da ke barci.

Na rufe ido. Na ji mahaifina ya zauna, ya ɗago kaina ya ɗora a cinyarsa.

"Tawa ce," ya ce. "Ta fari."

"Suna?"

Ya faɗa. A hankali ya faɗa, kamar mai taka ƙaya, amma daidai, har da yadda Inna take jan ƙarshensa. Ashe ya iya. Allurar nan an ce da zafi, mutane har ihu suke yi, ni ban san lokacin da aka yi ta ba.

Kwana biyar yana kai ni yana dawo da ni, har zazzaɓin ya sake ni na fara neman tuwo. Ranar farko da muka dawo Inna ta tare shi a zaure ta ce, "Me ka ce musu?" Ya ce, "An yi wa waccan allura," ya wuce. Bai sake kiran sunan ba, har aka yi mini aure, har na haihu, har ya tsufa yana wasa da 'ya'yana yana kiransu ɗaya bayan ɗaya.

Shi a zatonsa a sume nake ranar. Sau da yawa na so in ce masa, Baba, ai na ji ka. Na kan shiga zaure da maganar a bakina, in gan shi zaune, in gaishe shi in fito. Har ya bar duniya ban faɗa masa ba. Na san da na faɗa, da bai ƙara iya haɗa ido da ni ba.