Ni da Ɗan Farina a Ƙarƙashin Bahar Maliya

Fita daga Hayyin Ashir

Ko kiran asuba ba a yi ba surukata Rukayya ta ƙwanƙwasa min ƙofa, ta ce, "Inna, yalla mu tafi, mai tasi yana ƙasa." Ni kuwa tuni na ɗaure kayana ina zaune a kansu. Matan unguwarmu a Misau kun san ni, ko biki sai an ja ni nake zuwa. Masar ɗin ma jego ne ya kawo ni, don mahaifiyar Rukayya ta rasu, babu mai yi mata wanka sai ni. Wata uku na yi a unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira ban san kowa ba sai mai tumatir na ƙasan benenmu.

Mijin Rukayya shi ne ɗana na fari, yana karatun addini a can. Kun san yadda muke da ɗan fari. Tun yaye kakarsa ta ɗauke shi, ban taɓa kiran sunansa ba, ba na haɗa ido da shi. Yana zaune a gabana a falo zan ce, "Rukayya, gaya wa wancan abinci na hucewa." Shi ma ta bakinta yake ba ni amsa.

Abin da ya fitar da ni kuwa, wata rana muna gyaran alayyafo Rukayya ta ce, "Inna, saura kwana goma ki koma gida, shi kuma sai bayan shekara uku. Yana ganin iyayen abokansa Larabawa suna rungume su a bakin titi. Jiya ya tambaye ni, wai a ganina kina sonsa kuwa?" Na ce tambayar banza ce wannan. Amma tuwon ranar sai da ya yi gudaji. Shi ya sa da ya aiko ta cewa yana so ya kai ni teku, mu shiga har ƙarƙashin ruwa mu ga ikon Allah, sai na ji bakina ya ce to.

Hanyar Sina'i

Bas ɗin ta tashi bakwai da rabi. Ni da Rukayya da jaririyar a kujera ɗaya, shi a bayanmu. Direba wani mai tumbi ne, sigari a baki, ƙira'a na tashi a rediyo. Da ya ga na riƙe kujerar gaba da hannu biyu ya ce, "Ma'alish ya Hajja," wato in yi haƙuri, ya ƙara wuta.

Kafin mu shiga ramin da ke bi ta ƙarƙashin mashigin Suwais, sojoji suka sauke mu duka, aka jera jakunkuna a ƙasa, aka kawo kare. Kowace jaka ya wuce ta, tawa ya tsaya. Sojan ya buɗe, ya zaro ƙullin yajina, ya kai hanci. Atishawa ya yi ta yi har abokan aikinsa suna riƙe ciki. Na ce wa Rukayya ta gaya masa da nama ake ci, ba shaƙa ake yi ba. Ya mayar min yana hawaye yana cewa khalas, khalas, wato shi ke nan. Ni damuwata jakar da kare ya lasa, don sallayata na ciki.

Daga nan sai duwatsu jajaye da yashi, ko akuya babu. An ƙara tsayar da mu a shingaye da dama, a duba fasfo da iƙama, wato takardar izinin zama, a ce mu wuce. A wata rumfa muka ci gurasa da ful da ta'amiya, wato wake da ƙosansu na Larabawa, fam biyar-biyar. Da na barbaɗa yaji har direba ya miƙo tasa gurasar.

Dahab

Bayan la'asar muka isa Dahab, wani ɗan gari a bakin Bahar Maliya. Masaukin ɗakuna ne a jere a bakin ruwa, fam tamanin kwana ɗaya, mai wurin wani dattijo Balaraben ƙauye mai shayi da ɗanɗanon ganye. Na leƙa tekun na ga ba shi da ɗaya gaɓar sai wasu duwatsu can nesa, aka ce min Saudiyya ce. Na ce ashe da na iya iyo da na yi Umara.

Da safe aka kai mu wurin masu koyar da nutso. Ɗan nawa ya riga ya nemo mace, wata Bamisriya siririya baƙa wuluk saboda rana, ana ce mata Kaftin Huda. Ta kai ni ɗaki ta cusa ni cikin wata rigar roba, na fito kamar an ɗura alkaki a safa. Na ce wallahi ba zan fita haka ba. Ta yi dariya, ta ɗora min doguwar riga mara nauyi a kai, da hula mai rufe wuya. Sai ɗamarar dalma a ƙugu, tukunyar iska a baya da abin shaƙarta da ake sawa a baki, takalmi mai faɗi irin ƙafar agwagwa a hannu.

Rukayya ce ke fassara min. Numfashi ta baki kawai, kada a riƙe shi. Kunne in ya yi zafi a toshe hanci a hura. Sai Huda ta miƙo min gilashin fuska ta ce in tofa yawu a ciki in goge.

Na ce, "Rukayya, tambaye ta, abin mutane zan tofa wa yawu?"

"Wai don kada ya yi hazo, Inna. Kowa haka yake yi."

"To wa ya tofa kafin ni?"

Huda ta dube ni ta dubi ɗana, ta yi wata tambaya. Rukayya ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Wai faɗa kuka yi ne? Ta ce a cikin ruwa dole kowa ya riƙa kallon abokin tafiyarsa."

A nan ne na tuna abin da ban lissafa ba. Rukayya tana da goyo, a kan yashi za ta zauna. Daga bakin ruwa zuwa ciki babu mai jin Hausa sai shi.

Cikin ruwa

Muka taka har ruwa ya kawo min ƙirji. Huda ta yi magana, shi kuma ya ce, yana kallon gefe, "Inna, ta ce ki sa abin a baki ki durƙusa." Na sa, na durƙusa. Ruwa ya rufe kaina, na ji numfashina yana gurnani kamar injin markaɗe, zuciyata ta ce mutuwa ce. Na miƙe zumbur na tofar da abin ina salati.

Huda ta ce mu sake. Na sake, na kuma miƙewa. Ga wasu yaran Turawa suna wuce ni suna nutsewa kamar kwaɗi.

Sai na ji ya ce a hankali, "Ma'alish, Inna. Mu fita. Zuwan da kika yi ma ya isa."

Muryar ce ta kama ni. Da ita yake cewa "na tafi" yana yaro, in ya zo gaishe ni daga gidan kakarsa ya tsaya a bakin ƙofa ban ɗago ba. Na juyo na dube shi sosai, na ce, "Kai, wa ya ce maka na fasa? Hutawa nake."

Na mayar da abin bakina na durƙusa, Huda ta kama tukunyar bayana ta tura ni gaba.

Jama'a, ashe gari ne a ƙasan nan. Murjanin da muke sawa a wuya, gonarsa na gani, wani kamar farin kabeji, wani kamar ƙahon barewa, wani shimfiɗe kamar faifai. Kifaye kuwa sai ka ce ranar kamu, kowa da ankonsa. Ga 'yan jajaye a tare kamar an watsa barkono, ga mai ratsin rawaya da baƙi, ga wani shuɗi da kore mai bakin aku yana gatsar dutse, ina jin ƙarar haƙoransa ƙaras-ƙaras. Wani ɗan mitsitsi ya fito daga gidansa ya tsaya a gaban gilashina yana min masifa. Tsoro ya tafi, wata wahalar ta zo: ni da ba na iya ganin abu ban faɗa ba, ga baki a toshe.

Sai ga kunkuru, faɗinsa ya kai tire, yana tafe a hankali kamar mai unguwa. Na waiga dama, ɗana yana kallon wani wajen, zai wuce bai gani ba. Ban yi shawara da kowa ba na cafke wuyan hannunsa na girgiza, ina nuni ina gunji a cikin roba. Ya ga kunkurun, sannan ya dubi hannunsa, sannan ya dube ni. Ta cikin gilashi na ga idanunsa sun ƙanƙance don dariya, irin na babana sak, ban taɓa lura ba. Ni ma dariya ta kama ni, ruwa ya shigo min hanci, ya nuna min in danna saman gilashin in hura, ya fita. Kunkuru ya yi gaba abinsa. Hannun dai ban saki ba. Haka muka zaga gonar nan, in ja shi nan in ja shi can, duk abin da na gani sai ya gani.

Da Huda ta fito da mu ina riƙe da shi. Sai da ruwa ya dawo min gwiwa na hango Rukayya tsaye ta kama baki, na yi maza na saki na hau gyaran hula.

Ta ce, "Inna, me na gani?"

Na ce, "Santsi ne a wurin."

Komawa

Washegari da hantsi muka kamo hanya. Rukayya ta ce jaririya na son taga, ta koma baya, ta bar mu kujera ɗaya. Na san makircinta, na ƙyale. Tun daga Dahab nake ba shi labarin kifayen da muka gani tare, yana cewa, "Ai ina wurin, Inna," ina cewa ba ka gani da kyau ba. Daga kifi muka koma kan ranar da aka haife shi, da ruwan saman da aka yi, da yadda nake laɓewa a bayan danga in ga wucewarsa makaranta. Wannan bai sani ba. Ya juya fuska wajen hanya.

Ana kiran isha muka hau benenmu a Hayyin Ashir. Na ɗumama miyar kuka, na tuƙa tuwo, na zuba masa da hannuna na ce, "Ci, kada ya huce."

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, na gode wa Huda da haƙurinta, Rukayya kuma Allah Ya ba ta suruka irinta. Sunansa dai har yau bakina bai iya ba, kada ma ku jira shi a nan. Amma ya daina tambayar matarsa ko ina sonsa.