Ranar da Aka Murza Mini Ciki

Assalamu alaikum. Na ga saƙonninku. Masu cewa Rukayya ta yi kuɗi ta daina gaisuwa, Allah ya shirye ku. Ba kuɗi na yi ba, lahira na leƙa.

Sai yau na ji zan iya ba da labarin.

Cikina yana wata bakwai na je awo, aka yi mini hoto. Likita ta ce yarinyar a zaune take, kanta a sama. Ta ce, "Kada ki damu, da yawansu da kansu suke juyawa. In ma ba ta juya ba, mun san abin yi."

Na dawo gida Sabon Gari na faɗa wa maigidana. Shi kuwa magana ba ta kwana a cikinsa. Ya kai wa Gwaggo Larai, wadda ta raine shi a Ɗankaza.

Ranar Juma'a da hantsi, yana wajen aikinsa a jami'a, sai ga Gwaggo da wata tsohuwa mai gyaran ciki, riƙe da kwanon man shanu.

Gwaggo ta ce, "Kwanta a tabarma, 'yar nan. So kike su farke ki kamar buhun gero?"

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, likita ta ce a jira."

"Likitar 'ya'ya nawa ta haifa? Wannan baiwar Allah ita ta juya mijinki a cikin uwarsa."

Cikin fari, a gaban suruka. Kun san yadda aka raine mu. Na kwanta.

Tsohuwar ta shafa mai, ta kafa hannu biyu a saman cibiyata, ta danna da duk nauyinta. Jama'a, ba shafa ba ce. Murza ce, irin wadda ake yi wa wanki a kan dutse a bakin kogi.

Na yunƙura zan tashi, Gwaggo ta danne kafaɗata da gwiwa. "Ke, ba ki da kunya? Ana jin ki a waje!" Ta cusa mini bakin zani a baki. Na ciza har haƙori ya huda leɓena.

Sai na ji wani abu ya tsinke a cikina.

Cikin ya sandare. Yarinyar da ke ta shure-shure ta yi tsit. Jini ya ɓalle, ya jiƙa tabarma.

Tsohuwar ta ce, "Datti ne yake fita." Ta sake ɗora hannu.

A nan kunya ta ƙare. Na tofar da zanin, na shure ta a ƙirji ta faɗa kan kwanuka, na kurma ihu.

Maƙwabciyata Maman Hanif ta banko ƙofa. "Innalillahi! Kashe ta za ku yi?" Ta hankaɗe Gwaggo gefe, ta fita da gudu ta taro adaidaita.

Ranar cin kasuwar kara ce, motocin shanu sun cushe titi. Maman Hanif ta dira, hijabinta duk jinina, tana dukan motoci da tafin hannu tana ihu, "Ku ba da hanya, mace tana mutuwa!" Ni dai ina kwance ina taɓa cikin, ina roƙon yarinyar ta motsa ko sau ɗaya. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

A asibiti suka ɗora na'ura. Zuciyar yarinyar tana bugawa, amma a hankali. Likita ya ɗago ransa a ɓace. "Mabiyiya ta ɓanɓare. Wa ya taɓa cikin nan?"

Maigidana ya iso ba ko hula, ya sa hannu aka shiga da ni tiyata. Abokan aikinsa da ɗalibai suka yi layin ba da jini. Babur ɗinsa a wannan jinyar ya tafi.

Na farka da robar fitsari, ledar jini a rataye, cikina kamar an zuba garwashi. Abin da na fara tambaya shi ne yarinyar. Suka ce tana kwalba, tana numfashi.

Washegari likita ya ja kujera ya zauna. "Jinin ya ƙi tsayawa. Sai da muka cire mahaifar kafin muka samu ranki."

Na ɗauki kofin shayi na maka da bango. Na yi kuka har ɗinkin ya fara tsatsafa. Daga baya ya yi ruwa, zazzaɓi ya kama ni, kullum safe a wanke ciwon ina cizon filo.

Gwaggo ta zo dubiya da kunu, ta ce ƙaddara ce. Na ce a fitar mini da ita. Na yi imani da ƙaddara, amma gwiwar da ta danne ni ta mutum ce. Ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafe mata. Har yanzu ban samu ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba.

Alhamdulillahi, yau ina tafiya da ƙafata, har na koma kan keken ɗinki. Maman Hanif, ba ni da bakin gode miki. Likitoci da nas-nas, da waɗanda jininsu ke gudana a jikina ban ma san sunansu ba, Allah ya saka muku da aljanna.

'Yan uwana mata, kada ki bar kowa ya danna miki ciki da sunan gyara, ko uwar da ta haife ki ce. Kada ki sha jiƙon da aka ce yana juya ɗa. In kin ga jini, ko ciki ya sandare, ko motsi ya tsaya, ki tafi asibiti a lokacin, izini ya biyo ki a hanya. Maza, abin da likita ya faɗa ba na rabawa dangi ba ne.

Ga Aisha nan a cinyata tana shan nono, tana yaƙushina. Ita ce 'yar farina, ita ce autata.